Surukina da Hancin Harsashi

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a bakin titi, yadda ake yi a nan Makka. An jera kujeru tun daga ƙofar gidan a unguwar Mansur har kwanar shagon mai wanki, an ja wayar fitilu, ana zagawa da gahawa da dabino daga magariba zuwa isha'i. Ni ne na uku a layin masu karɓar gaisuwa, bayan ƙanen mamacin da babban ɗansa, saboda ni ke auren 'yarsa ta fari. Mutum zai dafa kafaɗar ƙanen ya yi masa ta'aziyya da fuskar jimami, ya dafa ta ɗan haka nan, amma da ya iso kaina sai in ga leɓensa yana rawa. Ba kuka ba ne. Dariya ce ake dannewa.

Limamin masallacin unguwa ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Kai kuma Allah ya ba ka ladan Asabar ɗinka." Mai tsiren bakin layi ya ce tun yana saurayi Alhaji ke sayen nama a wurinsa, bai taɓa tafiya ba tare da ya gaya masa cewa wuƙarsa ta karkace ba. Wani dattijo Balarabe, abokin harbinsa, ya zo yana dogara sanda, ya ciro wata tsohuwar takarda mai huji biyar a tsakiya, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce in ba iyali su ajiye. Na karɓa na yi godiya. Ban gaya masa muna da irinta cike da akwati huɗu ba.

A ciki wajen mata kuwa, an ce yayar marigayin, goggon matata, ta dubi jama'a ta ce, "Yau dai kunnuwanmu sun huta." Tana rufe baki ta fashe da kuka, har sai da aka fita da ita ta sha iska.

Ranar da aka kwashe kujeru matata ta ce mini, "Yaran nan ba abin da za su riƙe game da kakansu sai abin dariya. Ka rubuta. Kai ka fi kowa shan wahalarsa." Ban yi musu ba, don gaskiya ta faɗa.

Ni Bakatsine ne. Karatu ya kawo ni ƙasar nan, na zauna ina aikin fassara wa alhazai a wani otal kusa da Harami. Shi ya sa surukina bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Tafinta. Ni kuma Baba nake ce masa. Shi a unguwar Tandabawi, nan Makka, aka haife shi. Mahaifinsa maƙeri ne daga ƙasar Zazzau, ya zo hajji a ƙafa ta Sudan, bai koma ba. Baba ya tashi ɗan ƙasa da takardunsa, Larabci ya fi sauƙi a bakinsa, amma in zai yi faɗa da Hausa yake yi. Ya gaji ƙira ta wata hanya: ya yi rayuwarsa a warsha, wato shagon aikin ƙarfe, kan injin sassaƙar ƙarfe da ake kira makaraɗa. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar makaraɗa, aka ɗauke ta da igiya aka kai ta wani ɗan ɗaki a saman benensa. Tun daga ranar gidan bai sake samun shiru ba.

Dole in faɗi wani abu tun yanzu, don kada mai karatu ya ɗauka mafarauci nake ba da labari. Baba bai taɓa harbin abu mai rai ba. Farauta haramun ce a cikin iyakar Harami, shi kuwa ko a wajenta bai yarda ba. Na sha ganinsa yana bin masu jifan tattabaru da zagi. Takarda yake harbi. Yana da 'yar ƙaramar bindigar gasa, da lasisinta, tana ajiye a wani kulob na masu harbi a hanyar Jidda. Harsasanta ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsana ƙarami ba, kan na darma ne mai taushi, abin da ke tayar da wutar kuma yana shafe a cikin gefen gindin kwanson.

To a kan wannan kan darmar, wanda shi yake kira hanci, rayuwata ta ƙare.

Ra'ayinsa shi ne, harsashin kamfani ba a samun biyu iri ɗaya. "Kamar burodin gidan Bayamale ne," in ji shi, "tanderu ɗaya, kowanne da kamarsa." Ya ce in ka sa kowane harsashi a cikin ramin ƙarfe ka matse hancin ya ɗauki siffa ɗaya da kauri ɗaya, to dukkansu za su bi ta huji ɗaya. Ƙarafan matsewar guda uku yake da su, kowanne da sunan da ya raɗa masa. Akwai Ba'amurke, wanda wani abokinsa ya aiko masa, shi ana ɗora masa turmi ne a ƙwanƙwasa da gudumar katako. Akwai Baturke, wanda ya saya wurin wani alhaji, shi murɗawa ake yi a hankali kamar famfo. Sai Ɗan-gida, mai dogon hannu da ake dannawa, wanda ya sassaƙa da kansa a saman bene. Tambayar da ya ɗora wa kansa, ya ɗora wa duk wanda Allah ya haɗa shi da shi, ita ce wanne ne ya fi.

Ranar da manyana suka je neman aure, bayan an gama maganar asali da addini, sai ya leƙo ya tambayi kawuna ko yaron yana da mota. Aka ce yana da ita. Ya ce, "Tayyib," wato madalla. Kowa ya ɗauka tunanin jin daɗin 'yarsa yake yi.

Asabar ta biyu bayan ɗaurin aure ya buga mini ƙofa da hantsi, riƙe da jakar fata. Asabar ce kaɗai ranar hutuna. Tun daga wannan rana har shekara goma sha huɗu, in ba lokacin aikin hajji ba da ake tura ni Mina, ni ne direba, ni ne magatakarda. Zai zauna a bencin kulob ya harba biyar na Ba'amurke, biyar na Baturke, biyar na Ɗan-gida, ni kuma in taka cikin rana in ciro takardun. Zai ɗora kwandalar riyal a kan hujojin ya ga ko ta rufe su, sannan ya auna da ma'auninsa na warsha, ya faɗa, in rubuta a littafi. In Baturke ya ci, iska ce ta taso. In Ba'amurke ya ci, bindigar ce ba ta ɗumama ba. In Ɗan-gida ya ci, wanda nake addu'a kullum ya ci mu huta, sai ya daɗe yana kallon takardar ya ce, "Sau ɗaya ba hujja ba ce. A sake."

Wata rana na yi tari lokacin da yake shirin jan kunama. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Tafinta, tarin nan ba zai iya jira ba?"

"Ku yi haƙuri, Baba."

"Soke na yau gaba ɗaya. Rubuta: an yi tari."

Na rubuta. Yana nan a littafi na uku, da rubutuna.

Abin da ya sa wahalata ta fi ta kowa shi ne ni suruki ne. 'Ya'yansa maza suna iya cewa suna da aiki su tsere. Ƙanensa yana iya ce masa, "Yaya, halas, ka ishe mu." Ni fa? Ko ido ba na iya haɗawa da shi. Sai dai in dawo gida in sauke wa 'yarsa, ita kuma ta ce, "Ai ka gan shi kafin ka aure ni."

Surukata, wadda muke kira Inna, ita ce kaɗai ke tsaya masa. Ta taɓa neman ɗan ma'auninta na zinariya ta rasa, sai a saman bene aka same shi a hannun Baba, yana auna harsasai ɗaya bayan ɗaya yana raba su a kofunan gahawarta. Wata rana kuma ya narkar da kakin zuma a cikin butar gahawar da ta gada wurin mahaifiyarta, wai zai shafa wa darma. Baƙi suka zo, ta dafa, kowa ya kurɓa ya ajiye. Ta hau saman nan da butar a hannu, muna jiyo ta daga ƙasa.

"Shekara arba'in ina haƙuri da baƙin mai a rigunanka! Yanzu kuma butar uwata?"

"Ai na wanke."

"Da me ka wanke?"

"Da kananzir."

Kwana tara ba ta yi masa magana ba. A rana ta goma ya sauko da butar, ya goge ta tana walƙiya, ya gyara murfinta da ya daɗe yana lilo, ya ajiye a ƙofar kicin ya wuce. Haka yake ba da haƙuri. Da baki kam ban taɓa ji ba.

Ranar sunan ɗana na fari, ana cikin cin shinkafa, na hango shi ya ritsa shugabana na otal a lungu, ya buɗe littafi yana nuna masa bambancin hanci mai faɗi da hanci mai rami. Mutumin ya yi kusan sa'a guda yana gyaɗa kai, naman gabansa ya sandare. Liman ma sun taɓa haɗuwa. Ya ce masa, "Alhaji, harsashi a garin aminci, anya ya dace da dattijo irinka?" Baba ya ce, "Malam, ka taɓa jin na kashe ko fara? Kai kuwa lasifikar masallacinka tun bara take ƙara, ba wanda ya samu aminci." Washegari ya je da jakarsa ya gyara lasifikar, bai ce da kowa komai ba.

Haka yake a lokacin hajji. Duk keken guragu da ya karye a unguwa, na masu tura alhazai ne ko na tsofaffin gida, saman benensa ake kaiwa. Zai gyara, ya yi wa mai keken faɗa kan rashin sa mai, ya kore shi in ya sa hannu a aljihu.

Akwai mutum ɗaya da yake saurara wa a maganar ƙarfe, shi ne maƙwabcinsa na hawa na ƙasa. Mutumin Maradi ne, ya zo hajji yana saurayi ya zauna, ba iƙama, wato izinin zama, ba wata takarda. Ya yi aure a nan, yana da 'ya'ya mata uku. Gyaran injin ɗinki da famfo yake yi a ɓoye, hannunsa kuwa ya fi na Baba kyau, Baba ma ya sani. Tare suka yi Ɗan-gida: Baba ya sassaƙa ramin, maƙwabcin ya haɗa hannun dannawar. Yana ce wa Baba yaya, Baba yana ce masa ƙanena. In suna saman nan za ka ɗauka dambe za a yi, ashe a kan kaurin gashi ɗaya ake gardama.

Maƙwabcin bai taɓa son Ba'amurke ba. A gabana ya sha faɗa. "Yaya, abin nan wutarshi tana ga gindi, kai kuma kana bugun kanshi da guduma. Wata rana za ya amsa maka."

"Masu shi sun fi ka sani."

"Masu shi ba su cikin gida mai mata da yara."

"Ƙanena, kai gyaran keken ɗinki ka sani."

Maƙwabcin ya ce masa aƙalla ya bari sai a kulob. Baba ya ce bencin kulob yana rawa.

Wata Alhamis bayan la'asar muna saman mu uku. Ni ina riƙe da littafi, maƙwabcin yana wasa wani ƙarfe, Baba yana ƙwanƙwasawa. Ban ga abin da ya faru ba, ƙara kawai na ji, kunnena ya toshe. Da na dawo hayyacina, gilashin taga ya tarwatse, jini yana zuba daga babban yatsan Baba da girarsa. Ƙasa kuwa gidan ya hargitse, mata suna salati, ana rufe ƙofofi. Wani daga benen da ke kallon namu ya ji ƙarar bindiga ya buga wa 'yan sanda, ban kuma ga laifinsa ba.

Duk wanda ya zauna a Mansur ya san abin da ke biyo bayan irin wannan. Kafin motar ta shigo layi, duk marar takarda a gidan ya bi ta baya ya ɓace. Na ce wa maƙwabcin, "Ka tafi, ni zan riƙe shi." Ya cire ƙyallen kansa ya naɗe yatsan yana matsewa, ya ce, "Ba ka iya ba, jijiya ce. In na saki za ya zubar da jini." Baba da kansa ya ce, "Tafi mana!" Ya ce, "Yi shiru, yaya, ɗaga hannun sama."

A haka 'yan sandan suka same mu. Ba su yi wa kowa wulaƙanci ba. Suka duba lasisin Baba, suka kwashe sauran harsasan, suka ce zai biyo su ya sa hannu cewa ba zai sake wannan aiki a gida ba. Suka duba iƙamata, suka mayar mini. Sannan suka juya ga mutumin da ke riƙe da yatsan. Sai da motar asibiti ta zo ya saki, ya wanke hannunsa a famfon saman, ya bi su. Bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ya bari tun ba shi da gemu.

Rana ta uku da kama maƙwabcin na shiga gaishe da Baba, na same shi zaune da bandeji, littafin yana kan cinyarsa. Ina jin kukan 'yan matan nan daga hawa na ƙasa. Kunyar da na riƙe shekara da shekaru ta kuɓuce mini.

"Baba, ku ne sila. Ya gaya muku. A gabana ya gaya muku, ba sau ɗaya ba."

Matata ta riƙe baki. Inna ta tsaya a ƙofa. Shi kuwa bai ɗago ba. Can ya ce, "Gobe ka kawo mota."

Na fita. Na ce wa matata in kulob zai je, ya nemi wani direban, ni na gama. Ta roƙe ni, na kawo motar don ita. Ba kulob muka je ba. Kusan wata guda muna yawo daga wannan ofis zuwa wancan, yana sanye da mafi kyawun tufafinsa, yana jira a layi, mutumin da ko layin burodi ba ya iya tsayawa. Ya je wurin duk wani babba da ya taɓa yi wa aiki. Kowa ya ba shi gahawa, kowa ya ce doka ce. Ranar da ya tabbata ba abin da zai yiwu, muna dawowa ya ce in tsaya wurin masu aika kaya ƙasashen waje.

Da hannu ɗaya ya kwance makaraɗarsa, ƙarfe bayan ƙarfe, ya sa wa kowanne lamba, ya naɗe su da tsofaffin barguna. Aka sauke ta da igiyar da aka hau da ita, aka aika Maradi. Matar maƙwabcin da 'ya'yanta suka ci gaba da zama a ɗakunansu, abincin Inna yana sauka musu kullum, har zuwa lokacin da suka yanke shawarar bin sa da kansu. Baba ne ya raka su har inda ake iya rakawa. Gudumar katakon kuwa Inna ce ta jefa ta a shara, bai tambaya ba.

Mai karatu zai ce to daga nan ya daina. Ni ma haka na zata. Yatsa na warkewa ya buga mini ƙofa da jakar fata. Saura biyu, in ji shi, Baturke da Ɗan-gida, kuma yanzu a bencin kulob zai riƙa matsewa, duk da rawar da yake yi. Na tsaya ina kallonsa. Mutum ya rasa gari saboda wannan abu, shi kuma ga shi yana tambayata ko na zo da biro.

Kowace Juma'a bayan an sauko yana kiran Maradi. Kunnensa ya yi nauyi, don haka a lasifika yake sa wayar, duk gidan yana ji. Na riƙa kasa kunne ina jiran kalma ɗaya. Ba ta zo ba. Sai dai, "Ka sa wa makaraɗar mai? Wane iri? Wannan ai ba mai ba ne, ruwa ne." Sannan ya karanta masa sakamakon Asabar lamba bayan lamba, su yi gardama har katin ya ƙare. Shekara biyar ana haka. Na taɓa ce wa matata mahaifinta ba shi da zuciya, ƙarfe ne a ƙirjinsa. Ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Daga baya hujojin suka fara watsewa a takarda. Ya zargi sabon harsashi, ya zargi hasken rana, ya zargi wanda ya share bututun bindigar. Ni da nake ciro takardun na san idonsa ne. Ciwon suga ya ci shi. Wata Asabar ya harba biyar, na je na tarar ba ko ɗaya a takardarsa, suna kan ta mutumin da ke gefe. Na dawo da ita fara tas, ban san yadda zan yi ba. Ya shafa ta da tafin hannu, sannan ya tashi daga bencin.

"Zauna, Tafinta."

"Baba, ni ban taɓa..."

"Shekara nawa kana kallo? Zauna."

Haka na koma maharbi, ni da ko wuƙar yanka ba na so. Aka yi mini rajista a kulob. Yana tsaye a bayana yana faɗa: na riƙe numfashi da yawa, na fizgi kunama kamar mai cire ƙaya, kafaɗata ta yi tauri. In na kawo takarda sai ya bi hujojin da yatsa, ya ɗora kwandalarsa ya laluba gefenta.

Asabar ɗinmu ta ƙarshe ba iska ko kaɗan. Ya sa na yi zagaye goma, ya hana ni sanin wanne nake harbawa, shi ke miƙo mini daga aljihun dama ko na hagu. Da muka gama ya jera takardun a benci ya bi su da yatsa har sau biyu. Ba abin da za a zarga. Baturke ya ci takwas.

Ya zauna ya daɗe. Sannan ya ce in kira masa Maradi, ko da yake ba Juma'a ba ce.

"Ƙanena, an gama. Namu ya ci."

Na ɗago na dube shi. Mutumin da ya soke aikin yini guda saboda tari, yau ga shi yana ƙarya a gabana, takardun suna hannunsa.

Dariya ta fito daga wayar. "Ƙarya kake, yaya. Hannun nan yana da lilo tun ran da na haɗa shi. Na sani, na yi shiru don kar ka sa mu sake."

"Kai ka san da haka ka bar ni shekara goma sha?"

"Mi za ka yi da Asabar ɗinka in an gama?"

Baba ya yi dariya har da tari. Da tarin ya lafa sai ya juya mini baya, kamar hakan zai hana ni ji, ya kawo wayar kusa da bakinsa.

"Ka gaya mini a kan gudumar nan. Ban ji ba. Ka yafe ni."

Sannan muryar ta ce, "Tun cikin motarsu na yafe, yaya. Kai ne dai ba ka tambaya ba."

A hanyar dawowa, da muka wuce shingen shiga Makka, sai ya ce ina bin ramuka da gangan.

Ranar Laraba bayan sallar asuba ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin mu kai asibiti ya cika, a kujerar gaba ta motata, inda ya saba zama. Aka yi masa salla bayan azahar, aka kai shi.

Ni aka ɗora wa kiran Maradi. Da ya ɗauka ina jin ƙarar inji a bayansa, ƙarar da na sani sarai. Na faɗa masa. Ya kashe injin. Ya yi innalillahi sau uku, sannan ya ce, "A Harami aka yi mashi salla?"

Na ce a Harami, gaban Ka'aba, sahu har waje.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shi dai ya samu. Ni ma abin da ya zaunar da ni shekara talatin da wani abu ke nan. To, Allah bai nufa ba. In ka je kabarin ka yi mashi sallama tawa."

Na je na yi. Na tsaya a kansa cikin rana ina jin haushinsa kamar yana raye, hawaye kuma suna zuba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da taurin kansa da hannunsa mai gyara. Ka yafe masa na farkon saboda na biyun, ka yalwata masa makwanci. Wanda ke Maradi kuma, Ka ba shi abin da ya fi wanda ya rasa. Amin.